Fitilar Mai Shayi

Mun daɗe muna ƙorafi kan mai shayin ƙofar gidanmu a Ƙanƙara. Ƙarfe ɗayan dare rediyonsa na tashi, samari na musun ƙwallo, mu kuwa ga littattafan yara jibge muna dubawa. Har wurin mai unguwa muka je, wai a yanka masa lokacin tashi.

Sai ga daren 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta garin nan. A 2021 gwamnati ta hana hawa babur da dare, ta hana motocin haya bin hanyar Sheme. Ciniki ya mutu, bawan Allah ya kwashe teburinsa.

Shirun da muka roƙa ya samu, barcin ne bai zo ba. Ko kare ya yi haushi sai mu tashi zaune, muna leƙen inda fitilarsa take ci a da.