Na'urar datse kwanson harsashi: wacce ta dace da mai ƙaramin aiki?

Yau za mu ɗan ajiye zancen waya da manhajoji, mu taɓa wata fasahar hannu da maharba da masu wasan harbi ke yi a nan Amurka inda nake zaune, wato sake cika kwanson harsashin da aka riga aka harba. Dokar tarayya a nan ta yarda mutum ya yi don amfanin kansa, in dai ba ya cikin waɗanda aka haramta wa riƙe makami. A Najeriya kuwa Dokar Makamai ta 1959 ta hana haɗa harsashi a gida, don haka mai karatu daga gida ya ɗauki wannan a matsayin ilimi kawai.

To me ya sa ake datse kwanso tun farko? Kwanson harsashin doguwar bindiga na tagulla ne. Duk lokacin da aka harba shi, aka kuma matse shi ya koma siffarsa, sai ya ɗan ƙara tsawo. Ƙungiyar SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ita ke fitar da iyakar awon kowane iri. Misali .308 Winchester iyakar tsawonsa inci 2.015 ne, ana datse shi zuwa 2.005. Shi kuwa .223 Remington iyakarsa 1.760, ana mai da shi 1.750. Bambancin inci 0.010 ne kacal, kusan rubu'in milimita. Amma in kwanso ya wuce iyaka, bakinsa zai kutsa inda bututun ya tsuke, ya shaƙe kan harsashin, matsin ya hau fiye da ƙima. Fuskarka kuma tana daf da wurin.

Na'urorin da ake da su kashi uku ne.

Na farko irin na Lee Precision: wuƙar datsewa da wani siririn ƙarfe da ake zurawa cikin kwanson, shi ke tsayar da wuƙar in an kai tsawon da ake so. Shi ne mafi araha, ba a saita komai, kuma ana iya ɗaura shi a injin huda na lantarki. Sai dai kowane irin harsashi da nasa ƙarfen, kuma tsawon da kamfani ya yanke shi za ka bi.

Na biyu ƙaramin inji ne da ake kafawa a tebur, mai hannun juyawa kamar injin markaɗe. RCBS da Lyman da Forster da L.E. Wilson duk suna yin irinsa. Kai ne ke saita tsawon, ka ɗaure, sai kowane kwanso ya fito daidai da ɗan uwansa. Na Wilson gangar jikin kwanson yake riƙewa a cikin wani maƙunshi, shi ya sa bakin ke fita a miƙe ba karkata.

Na uku masu sauri ne, irin Giraud da na Little Crow Gunworks, masu ɗaukar awo daga kafaɗar kwanso. Injin Giraud yana datsewa ya goge bakin ciki da waje a lokaci guda. Amma yana da tsada, kuma in kafaɗun ba su zo ɗaya ba wajen matsewa, tsawon ma ba zai zo ɗaya ba.

Ni dai kwanso 40 zuwa 50 nake yi a zama ɗaya, iri biyu, don farautar barewa da ɗan atisaye kafin lokacinta. Shi ya sa na tsaya a kan na biyu. Cikin rabin awa na gama, hankalina kwance, kowane kwanso ya bi ta hannuna na dube shi. A nan ne nake gano wanda wuyansa ya tsage in jefar. Mai gudu da injin lantarki sau da yawa abin wuce shi yake yi.

Gaskiya bidiyoyin YouTube na sa mutum kwaɗayin babban inji. Amma masu yin su galibi 'yan gasa ne masu datse ɗaruruwa a mako. Kai mai 50 ka saye shi, kamar mai sayen waya mai RAM 16 ne alhali WhatsApp kawai yake buɗewa. Kuɗin sun tafi, harbin bai ƙara kyau ba.

Shawarata, kafin ka sayi komai ka amsa wa kanka tambaya biyu: kwanso nawa kake yi a zama, kuma iri nawa? In iri ɗaya ne kuma aljihu ba nauyi, na Lee ya ishe ka. In biyu ne ko uku, ɗauki mai hannun juyawa. Sai ka haura ɗaruruwa za ka waiwayi masu sauri.

Ko wanne ka zaɓa, fara mallakar ma'aunin nan mai baki biyu da ke nuna lamba har gida uku bayan ɗigo. Ka matse kwanso tukuna, sannan ka auna, ka datse, ka goge bakin, ka sake aunawa. Na'ura komai tsadarta ba ta san tsawon da ta yanke ba, ma'auni ne ke gaya maka. Allah ya kiyaye mu.