Godiya ga Injiniyan da Ya Ceto Sabarmu

 Na rubuto ne a madadin duk ma'aikatan sashen kwamfuta na makarantarmu, domin godiyar baki da muka yi maka a waya ba ta ishe mu ba.

Ka san halin da ka same mu a ciki. Duk ranar da aka saki sakamakon jarrabawa, ɗalibai su yi caa a kan shafin, sabar ta tsaya cik, alhali ko rabin ƙarfinta ba ta taɓa ba. Har an fara maganar sayen sabuwa. Kai kuwa ka ce kada a kashe ko kwabo sai an auna. Ka sa na buga umarnin netstat -s, ka nuna min layin da ke ƙirga masu neman shiga da aka kora saboda layin jira ya cika. Lambar tana ta hawa a kan idona.

Daga nan ka shiga cikin kanel, zuciyar Linux. Sabarmu tana kan CentOS 7 ne, mai kanel 3.10, inda somaxconn, iyakar layin jiran nan, ke tsaye a 128. Wato kamar ɗakin jiran asibiti mai kujeru 128, wanda ya zo na 129 sai a ce ya dawo anjima. Ka ɗaga shi zuwa 4096, adadin da masu Linux da kansu suka koma a kanel 5.4 a 2019. Ka kuma ɗaga na Nginx, manhajar da ke buɗe wa mutane shafin, wanda nasa 511 ne, ka ce gyara ɗaya a bar ɗaya aikin banza ne. Iyakar fayiloli 1024 ma ka faɗaɗa ta, tunda kowane mai shiga ana lissafa shi a matsayin fayil guda.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne tcp_tw_recycle. An kunna shi tun lokacin kafa sabar, wai don sauri. Ka bayyana mana cewa kamfanonin waya kan tara masu amfani da yawa a bayan adireshin intanet ɗaya, shi kuwa wannan saiti idan ya ga agogon wayoyinsu bai jitu ba, sai ya riƙa watsar da wasu ba tare da ya ce uffan ba. Ashe shi ya sa ɗalibi a ƙauye zai yi ta ƙona datarsa shafi bai buɗe ba, na kusa da shi kuma ya shiga lafiya! Ba mamaki da aka cire shi ɗungurungum a kanel 4.12 a 2017. Yaran nan sun sha wahalar da ba laifinsu ba.

Ba ka taɓa canza abu biyu a lokaci guda ba, kuma kowane layi da ka saka a sysctl.conf, fayil ɗin saitin kanel, sai ka sa na rubuta dalilinsa a samansa. Sakamakon zangon nan ya fita, ba a kira mu a waya da ƙorafi ba ko sau ɗaya. Kuɗin man mota ma ka ƙi karɓa.