Yadda Rokata Ta Tayar da Unguwa

Na daɗe ina son ba ku labarin abin da ya same ni a dogon hutun da ya wuce, kunya ce ta hana ni. To, tun da yake maganar ta riga ta bazu, har wasu na ƙara mata gishiri, gara ku ji daga gare ni, don an ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Asalin abin, ran nan ne malaminmu na kimiyya yana koya mana ƙa'idar Newton ta uku, wadda ta ce duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da wanda ka sa. Sai ya hura balan-balan ya sake ta, ta yi ta zagaya aji tana fuuu, muna ta dariya. Ya ce mu bar dariya, sirrin roka ke nan muka gani. Jirgin sama sai da iska yake tashi, kamar shirwa. Ita kuwa roka tana ɗauke da abin da za ta feso ta baya, shi ya sa take tafiya har inda babu iska ko kaɗan. Da roka Rasha ta harba Sputnik a 1957, da ita kuma Amurka ta kai mutum duniyar wata a 1969, kuma tsawon wadda ta ɗauke su ya kai mita 110. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ya ce a nan Kano Amurkawa suka taɓa kafa tashar bin sawun kumbo, har ta yi aiki a 1962 sa'ad da John Glenn ya kewaya duniya sau uku. Ya ce mu ma Nijeriya mun sami tauraron ɗan Adam namu na farko a 2003, amma sai da aka kai shi Rasha aka harba mana, don ba mu da rokar da za ta ɗauke shi.

Da aka tashi na bi Malam da tambayoyi har ya gaji. Kashegari ya miƙo mini takarda guda mai zanen wata ƙaramar roka da ake yi da gorar lemo, ba wuta, ba albarushi, ruwa da iska kawai. Ya ce, "Ka bi zanen nan daki-daki, kada ka yi masa ƙari." Na ce, "To, Malam." Ashe da baki kawai na amsa.

Da na isa gida Yasore sai na shiga tara kaya. Gorori biyu masu lita ɗaya da rabi na roƙa wurin yayata mai sayar da zoɓo. Ran kasuwar Batsari na sami bawul na tsohon tayar keke wurin wani mai faci. Murfin toshewa na yanko shi daga tsohon silifa, na huda tsakiyarsa na cusa bawul ɗin. Fikafikai uku kuwa na fitar da su daga fasasshen bokitin roba. Zanen ya ce a manna su da salatif mai ƙarfi, har an ja layi ƙarƙashin inda aka ce kada a kusantar da wuta ko wuƙa ga gorar da za ta riƙe iska. Ni kuwa ba ni da kuɗin salatif, kuma na sha ganin masu gyaran bokiti suna liƙe roba da ƙarfe mai zafi. Sai na ɗora ƙusa a murhun Inna, na liƙa fikafikan nan tsaf. Wallahi ta yi kyau ƙwarai, har na ga kamar na fi mai zanen dabara.

Saura famfo. Baba yana da na kekensa, na ɗauka ban tambaye shi ba.

Gab da magariba muka zagaya bayan gida ni da ƙanena. Niyyata in gwada ko tana yoyon iska ne kawai, saboda haka ban zuba ruwa ba, na kuma ɗaure murfin da waya don kada ya fita. Na yi ta bugawa, ƙanena na ƙirgawa. Gorar ta yi tauri kamar dutse, ban daina ba. Can sai ji na yi dam! Kunnuwana suka toshe, wani ɓallin roba ya yanke ni a hannu. Daidai inda na ɗora ƙusar nan ta tsage.

Na san wasunku 'yan birni za su ce, to mene ne a fashewar gora? Ku ba ku san garinmu ba. Mu muna maƙwabtaka da dajin Rugu ne, kuma shekarun nan abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙasar Batsari da Safana ba ɓoyayye ba ne. A wurinmu in an ji ƙara irin wannan da almuru, ba a tsayawa tambaya. Kafin in dawo hayyacina unguwa ta rikice. Mata sun suri 'ya'yansu sun faɗa cikin dawa, masu alwala sun watsar da butoci, yara na kuka, ga 'yan sintiri sun nufo bayan gidanmu a guje. Suka same ni tsaye da famfo a hannu, jini na zuba. Allah ne kaɗai ya tsare, don da ɗayansu ya yi gaggawa, da ba ni ke ba ku labarin nan ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda muke kira Gwaggo, ta faɗi wajen gudu ta gurɗe ƙafa.

Na zaci Baba zai yi mini dukan kawo wuƙa. Bai ko ɗaga hannu ba, bai kuma ce mini uffan ba har gari ya waye, wannan kuwa ya fi mini bulala ciwo. Da safe ya tasa ni gaba, muka fara zuwa wurin Gwaggo. Na durƙusa na ba ta haƙuri, ta dube ni kawai ta ce, "Allah ya shirye ka, ɗan nan." Daga nan sai ƙofar Mai Unguwa, inda dattawa suka riga suka hallara. Wani ya ce ga irin abin da boko ke koya wa yara nan. Mai Unguwa ya karɓi takardar ya duba zanen, ya ce, "Kai yaro, takardar nan ce ta ce ka yi abin da ka yi?" Na ce, "A'a, ranka ya daɗe, hana ni ma ta yi." Ya ce, "To, ashe ba laifin takarda ba ne." Ya ce shi yana yaro aka yi ta zancen kumbon da ya je wata, har marigayi Mamman Shata ya yi masa waƙa, amma bai taɓa ganin yadda abin ke tashi ba. Hukuncinsa biyu: in riƙa ɗebo wa Gwaggo ruwa har ƙafarta ta warke, in kuwa zan sake, to, da rana tsaka, bayan an sanar da kowa, shi ma yana wurin.

Kwana uku na yi ina ƙwadagon noma kafin in sami kuɗin salatif da siririn tiyo, wanda zai ba ni damar tsayawa nesa. Wannan karon ban tsallake ko layi ɗaya ba. Akwai wani gwaji da na raina da farko, ashe shi ne gishirin aikin. Za ka nemi inda rokar ke daidaita a kan yatsanka, ka ɗaura zare a wurin, ka yi ta wulwula ta bisa kanka. In hancinta ya miƙe gaba, to za ta tashi sak. Tawa sai ta riƙa juyawa kamar ganye a guguwa. Na cusa ɗan curin yumɓu a hancin, na sake gwadawa, ta miƙe. Dalili kuwa shi ne dole nauyi ya rinjaya gaba, fikafikai su tsaya baya, kamar yadda kibiya ke bin kanta mai ƙarfe. Ruwa kuma kashi ɗaya cikin uku na gorar ake zubawa. In ya yi yawa ta yi nauyi, in babu shi iska kaɗai ba ta da nauyin da za ta ture gorar sosai.

Ranar da aka sa, bayan la'asar, rabin gari ya taru a filin ƙwallo. Na kifa rokar bisa duwatsu uku kamar tukunya a murhu, bakinta na kallon ƙasa. Abokina ya tsaya mita 30 daga wurin, riƙe da ma'aunin kusurwa wanda muka rataya wa zare da tsakuwa. Na yi bismilla na fara bugawa. Ko bugu goma ban yi ba murfin ya fice, ta ɗan yi tsalle kamar kwaɗo, ta faɗo gabana ta watsa mini taɓo a riga. Jama'a suka bushe da dariya. Na saci kallon Baba, na ga ya sunkuyar da kai.

Na naɗa wa murfin leda don ya ƙara kamawa, na sake zuba ruwa, hannuna na rawa. Goma, ashirin, ashirin da biyar. Sai fuuut! Ruwa ya feso, gorar zoɓon yayata ta yi sama sak, ta wuce kan bishiyoyi, ta ƙanƙance har ta koma kamar tsuntsu. Wuri ya yi tsit, sannan yara suka ɓarke da sowa suka bi ta a guje zuwa gonar rogon da ta faɗa. Abokina ya ce kusurwar ta kai 45, wato ke nan tsawon da ta yi sama ya yi daidai da nisan da ya tsaya, kamar mita 30.

Mai Unguwa ya yafito ni ya ce, "To, saura nawa ta kai wata?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wata yana da nisan kilomita kamar 384,000." Ya gyaɗa kai ya ce, "Da sauran aiki." Gwaggo kuwa, da ta dogaro sanda ta zo, ta juya rokar a hannunta, hancin duk ya lotse, ta ce, "Yanzu ɗan wannan abin ne ya kore ni daga ɗakina?"

Baba ya karɓi famfonsa ya share masa laka da gefen riga, ya ce, "Gobe in kana so, ka tambaya." Yanzu haka na tara gorori huɗu a ƙarƙashin gadona, domin a bayan takardar nan akwai zanen wata mai laima, wadda ke saukowa a hankali ba tare da hancinta ya lotse ba.