Teburin Sinuka A Garejin Baba

 Ku da kuke karanta littattafanmu kun san yadda mu marubuta muke gina gida da biro ba tare da mun sayi ko buhun siminti ɗaya ba. Falo bakwai, bene hawa uku, sannan can ƙarƙashin ƙasa a yi wa Alhaji ɗakin wasa, a dasa masa teburin sinuka yana bugawa yana tunanin masoyiyarsa. A finafinan Amurka muka gano wannan ɗaki na ƙasa, domin su can gidajensu da yawa da shi ake gina su. To ni dai bara na sayi teburin sinuka na gaske da kuɗin gumina, kuma ba don wani Alhaji ba, don ƙanena ne.

Shekararsa 16, saura shekara ɗaya ya rubuta WAEC. A bakin layinmu akwai wata rumfar sinuka, ƙa'idar wurin kuwa ita ce wanda aka cinye shi ke biyan kuɗin wasa. A ido wannan ba wani abu ba ne, amma daga nan ake zarcewa, sai ka ji an ce kowa ya ajiye nasa a gefe, mai rabo ya kwashe. Canjin cefane ya daina cika. Rannan ya ce wayarsa ta ɓata, ashe jingina ya bayar. Umma ta yi faɗa, ta yi kuka, Kawu ya zo ya zane shi, bayan kwana uku ya koma. Tun rasuwar Baba ni ce babba a gidan, don haka na kira shi ɗakina na ce ya faɗa mini tsakaninsa da Allah me ke kai shi.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, wallahi ba kuɗin ba ne. Wasan nake so. Duk layin nan in na natsu ba mai cinye ni."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Garejin Baba yana nan a rufe tun da aka sayar da motar, sai tsofaffin tayoyi da gizo-gizo. Da na kawo shawarar a sa tebur a ciki, Kawu ya tafa hannu ya ce, "Ke yanzu caca za ki shigo mana da ita har gida?" Na durƙusa na ce, "Ku yi haƙuri Kawu, teburin katako ne da dutse, kuɗin da ake ɗorawa a kai shi ne cacar, kuma a nan idon Umma na kansa." Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai saka takalminsa ya fita. Umma ce ta ce in gwada.

Abin da na fara ganowa shi ne, wanda muke kira sinuka a unguwanninmu ba shi ne ainihin sinuka ba. Ainihin, wanda hafsoshin sojan Ingila suka ƙirƙiro a Indiya wajen 1875, teburinsa ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi, ƙwallayensa 22, guda 15 daga ciki jajaye. Namu mai ƙwallo 15 masu lamba da fara guda ɗaya, wanda baƙa mai lamba 8 ke rufe wasa, teburinsa ƙafa 7 ne ko 8 ko 9. Na gode Allah da haka, don wancan ko falon Alhajin littafina sai an rushe bango.

Sai maganar wuri, wadda yawancin masu saye ke mantawa da ita. Ba teburin kaɗai ake aunawa ba, har da sandar. Tsawonta inci 57 ne ko 58, wato kusan ƙafa 5, kuma mai wasa yana bukatar wannan fili ta kowane gefe. Tebur mai ƙafa 7 yana son ɗaki kamar ƙafa 13 da 16, mai ƙafa 8 kuwa sai tsawon ya kai 17. Garejinmu 12 ne da 19. Ke nan mai ƙafa 7 ne namu, tare da gajeriyar sanda mai inci 48 saboda gefen bango.

Kuɗin da ke hannuna na littafina na uku ne da masu karatu suka biya ta waya, sai kwasar adashi ɗaya. Na ɗauki ƙanen nawa muka shiga Sabon Gari wajen masu kayan wasanni. Ke dai bari! Sabo ɗan waje mai dutse, da aka faɗi kuɗinsa ko tayi ban yi ba, na ce Allah ya kawo kasuwa. Akwai masu sauƙi, ga sheƙi ga kyau, har yaron ya fara lallashina. Amma da na leƙa ƙarƙashi sai na ga shimfiɗar ta garin katako ce da aka matse. Irin wannan da rani lafiya lau yake, damina na sauka ya sha danshi sai ya kumbura ya gantsare, ka ga ƙwallo na tafiya ita kaɗai kamar mai aljanu. Garejinmu kuwa duk watan Agusta bangonsa sai ya jiƙe. Wani kafinta ma ya ce zai haɗa mini a rabin kuɗi in na ba da kafin alƙalami, na je na ga aikinsa, na buga ƙwallo a robar gefe ta yi luƙus ta tsaya. Na yi masa godiya na tafi.

Ni a ganina, in kuɗi bai kai sabo mai dutse ba, gara tsoho mai dutse da sabo mai katako. Dutse ba ya shan ruwa, ba ya lanƙwasa, sauran kayan kuwa duk ana sake su. Don haka na bar sallahu wurin wani dillali. Sai da aka shafe mako biyar, har yaron ya fara cewa yaudararsa nake, sannan aka kira ni wai wani mai gidan kallon ƙwallo zai tashi, yana da tebur a baya.

Wallahi da kun gan shi da kun yi dariya. Koren yadin ya koɗe, ga ƙunar sigari, raga biyu na ramukan sun yage. Ni kuwa ban kalli wannan ba. Na sa ƙanena ya gangara ƙwallo a hankali daga kowace kusurwa, ta tafi sambal ba karkata. Muka bi robar gefe kaf da bugu, tana maido da ƙwallo da ƙarfi. Na haska ƙarƙashi da fitilar waya ina neman tsaga a dutsen, babu. Munin yadin ma shi ya taimake ni wajen ciniki, na yi ta nuna shi ina taɓe baki, mutumin yana cewa albarka, har ya gaji ya sallama a kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sabo.

Kada wadda za ta saya ta ƙarar da kuɗinta a ciniki, don akwai sauran rina a kaba. Irin wannan tebur yakan kai kilo 300. Sai da aka samo 'yan dako takwas da a-kori-kura, ga la'adar dillali, ga sabon yadi da ladan mai ɗaura shi, ga magini da ya zo da ma'auninsa mai ɗigon ruwa ya daidaita ƙafafun, kasancewar daɓen gareji a gangare ake yin sa. Ƙwallaye ma sababbi na saya, tun da na wurin duk sun ɓantale. Waɗannan ƙananan abubuwa sun ci kusan rabin abin da na biya na teburin.

Umma ce ta kafa doka: ba a ɗora ko naira ɗaya, ba a buɗewa sai an gama aikin makaranta, ana kiran magariba a rufe, makulli kuma a ɗaure yake a bakin zaninta. Ban ce yaron ya zama waliyyi ba. Sau biyu aka gan shi a rumfar can, ya ce wai ya je kallo ne. Amma canjin cefane ya dawo yana cika, wayar ma mun fanso ta, abokansa kuma yanzu mun san fuskokinsu da gidajensu. Ranar Asabar da safe namu ne mu mata, ni da Auta, yarinyar da ba ta wuce 13 ba amma ta fara ba yayanta wahala.

Kawu kuwa wata biyu bai leƙa garejin ba. Wata Juma'a bayan an sauko ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya, ya ce shi fa dubawa ya zo yi ko ana bin doka. Can sai ya naɗe hannun babbar riga ya ce a miƙo masa sandar ya ga abin da ke haukata yara. Bugun farko ya soki sabon yadin nan ya yaga shi kusan taƙi guda. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce a tambayo masa nawa ne gyara, kada kuma wanda ya gaya wa matarsa.