Taku Takwas a Yadi Biyar: Badujalar Jami'o'in Amurka da Ubangidanta

Abu na farko da ake koya wa ɗalibin da ya shiga ƙungiyar badujala ta jami'a a Amurka shi ne tsawon takunsa. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce taku takwas a kowane yadi biyar, wato inci 22 da rabi a taku guda. Wannan awo daga filin wasa ya samo asali. Filin ƙwallon Amurka, wasan nan da ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, yana da farin layi a kowane yadi biyar, kuma taku takwas ya yi daidai da bugu takwas na kiɗan fareti. Mai busa da ya ji diddigensa ya sauka a kan layi a bugu na takwas ya san sahu bai karkace ba. Layukan da aka ja domin alƙalin wasa ya auna tafiyar ƙwallo su ne suka zama ma'aunin makaɗa, har da waɗanda ba su da wata hulɗa da ƙwallo.

Tun asali badujalar jami'a ta soja ce. Dokar Morrill ta 1862, wadda ta bai wa jihohi filaye don kafa kwalejojin noma da sana'a, ta wajabta koyar da dabarun soja a cikinsu, kuma duk inda ake fareti sai an nemi ganga da begila. Ƙwallo daga baya ta zo: wasan farko tsakanin jami'o'i biyu an yi shi ne ranar 6 ga Nuwamba, 1869, tsakanin Rutgers da Princeton. Badujalar Notre Dame ta yi kiɗa a wasan farko na jami'arta a 1887. A 1907 makaɗan Purdue suka fasa sahun soja suka zana harafin P da jikinsu a tsakiyar fili. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1936 makaɗan Ohio State suka fara rubuta sunan jiharsu da sahu mai lanƙwasa kamar rubutun hannu, kuma har yau babbar daraja ce a zaɓi mai busa babban ƙaho ya fita ya zama ɗigon harafin i.

Abin da ƙwallo ta bai wa makaɗan ba ƙarami ba ne. Filin wasa na Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, taron da mafi yawan ƙwararrun makaɗa ba za su taɓa tsayawa a gabansa ba. Hutun rabin lokaci a wasan jami'o'i minti 20 ne, kuma shekaru da dama wannan lokaci na badujala ne, ta gida da ta baƙi. Manyan ƙungiyoyin suna da mambobi 200 zuwa 400, akasarinsu masu karatun injiniya, likitanci, lissafin kuɗi da sauransu, waɗanda da ba don wasannin ranar Asabar ba da tuni sun ajiye kayan busa tun daga sakandare. Kayan sarki, motocin tafiya da masauki, a wurare da yawa, daga asusun sashen wasanni ake biyan wani kaso nasu. Dangantakar ta bara da ubangida ce, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Akwai inda baran ya kusa fin ubangidan suna. A jami'o'in da aka kafa domin baƙar fata a zamanin wariya, badujala ta ɗauki hanyarta. William P. Foster, wanda ya karɓi jagorancin makaɗan Florida A&M a 1946, ya shigo da taku mai ɗaga gwiwa, saurin bugu, rawa da waƙoƙin da jama'a ke ji a rediyo. A 1989 Faransa ta gayyaci ƙungiyarsa, Marching 100, zuwa faretin cika shekara 200 da juyin juya halinta a Paris. A 2023 makaɗan Tennessee State suka ci kyautar Grammy, karo na farko da badujalar jami'a ta yi haka. A wasan shekara-shekara tsakanin Grambling da Southern a New Orleans, karawar makaɗa tana da nata dare da nata tikiti. A irin waɗannan makarantu ba abin mamaki ba ne a ga 'yan kallo sun fara watsewa da zarar makaɗa sun bar fili. Duk da haka, jadawalin ƙwallo ne ke yanke ranar da za su fito da garin da za su je.

Talabijin ce ta fara sauya lissafin. A wasan Super Bowl na farko a 1967, makaɗan Jami'ar Arizona da na Grambling ne suka cike hutun rabin lokaci. A 1993 Michael Jackson ne ya cike shi, kuma tun daga lokacin dandalin ya zama na taurarin waƙa. A wasannin jami'o'i makaɗa suna nan a fili, amma mai kallo daga gida da wuya ya gan su, domin kyamara tana komawa ɗakin masu sharhi da tallace-tallace. A cikin filin ma, gajerun hutun da a da makaɗa ke cikewa da taken makaranta, yanzu ana raba su da lasifika mai sakin faifai da sanarwar kamfanoni. Kujera ma ta zama kuɗi: a 2022 makaɗan Alabama ba su bi 'yan wasansu zuwa Texas ba, saboda a can ƙololuwar bene aka ware wa baƙi wurin zama.

Sai kuma nisa. A 2024 jami'o'in USC da UCLA na Los Angeles, tare da Oregon da Washington, suka koma rukunin Big Ten, wanda yarjejeniyarsa da gidajen talabijin ta kai kimanin dala biliyan 7 a shekara bakwai. Yanzu abokan karawarsu sun haɗa da Rutgers, kusan kilomita 4,000 daga Los Angeles. Ɗaukar 'yan wasa a jirgi abu ne da aka tanada. Ɗaukar makaɗa 300 da gangunansu wani zance ne daban, don haka sau da yawa ƴan kaɗan ake turawa ko a bar su gida. Tun daga 2025, bayan sulhun wata shari'a da 'yan wasa suka shigar, an yarda kowace jami'a ta biya 'yan wasanta kuɗi, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Ɗalibin da ke atisayen busa sa'o'i da dama a mako, ya kuma shafe Asabar ɗinsa cikin kayan sarki, abin da yake samu yawanci makin kwas ne ko ɗan alawus.

Mai son ganin yadda wannan sana'a take idan babu ubangida sai ya dubi rundunonin ganga da begila masu zaman kansu. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji, majami'u da 'yan sikawut ne suka raine su bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da suka gaji da dokokin tsofaffin sojoji, sai suka kafa hukumarsu, Drum Corps International, wadda ta yi gasarta ta farko a 1972 a Whitewater ta jihar Wisconsin. Mambobi matasa ne da shekarunsu ba su wuce 21 ko 22 ba. Suna shafe watannin Yuni zuwa Agusta a hanya, suna kwana a ƙasan ɗakunan motsa jiki na makarantu, suna goge wasa guda ɗaya na 'yan mintuna har ya zama ba a ganin kuskure a cikinsa. A nan kiɗan ne dalilin taron, ba wanda ya zo jiran a koma wasa.

Wannan 'yanci yana da tsada. Kowane mamba yana biyan dubban daloli kafin ya hau mota, ya kuma rasa aikin hutun da takwarorinsa ke yi don tara kuɗin makaranta. Rundunonin kansu kullum a bakin rami suke. Santa Clara Vanguard ta Kalifoniya ta janye daga gasar 2023 saboda rashin kuɗi. Cadets, wadda aka kafa a 1934 ta kuma ci kambu sau goma, ta rushe a 2024 bayan matsalolin kuɗi da shari'a. Kuma ko su ba su kuɓuta daga ƙwallo ba: a kan layukanta suke tsara wasansu, filayen makarantu suke ara don atisaye, kuma tun 2009 a filin Lucas Oil na Indianapolis, gidan ƙungiyar ƙwallo ta Colts, ake yin wasan ƙarshe.

Gidajen biyu suna ciyar da juna. Ana gama gasar a watan Agusta, matasan sai su wuce kai tsaye sansanin badujalar jami'o'insu, ɗauke da abin da suka koya: taku mai santsi da ba ya girgiza busa, zane mai lanƙwasa a madadin layuka miƙaƙƙu, da jerin makaɗa masu tsayuwa a gefen fili. Amma buƙatun sun bambanta. Jami'a tana da wasan gida shida ko bakwai a shekara, kuma 'yan kallon da suka dawo bayan mako biyu sabon abu suke so, mai sauƙin ganewa daga nesa. Shugaban makaɗa kan samu kwanaki kaɗan ya koyar da abin da runduna za ta shafe wata uku tana gyarawa. Idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma a jami'a ofishin wasanni ne ke riƙe da gangar.

Abin da ke cikin haɗari shi ne hanyar da talaka ke bi ya shiga. Badujalar jami'a, da duk ƙasƙancin matsayinta a kasafin kuɗi, ita ce wurin da ɗalibin da iyayensa ba su da hali zai samu kayan busa aro, malami da taron dubban mutane ba tare da ya biya dubban daloli ba. Duk kujerar da aka sayar, duk tafiyar da aka soke, duk mintin da aka ba talla, daga rabon wannan ɗalibi ake yanka. Jami'o'in suna sanya hoton makaɗansu a takardun neman sababbin ɗalibai da na neman gudummawar tsofaffi. Hukumar jami'ar da ta iya ware miliyoyin daloli ga 'yan wasa tana da halin rubuta kuɗin motar makaɗa a kasafinta na dindindin, ta daina barin su suna jiran abin da ya rage bayan an gama rabo.