Samarin da ke Saman Buhunan Albasa

In tirelar albasa ta taso daga Aliero ta biyo ta Jega, ta wuce Maiyama ta nufi Koko da Yawuri, ɗaga kai ka dubi samanta. Ba buhuna kaɗai ta ɗauko ba. Ga samari nan zaune, sun naɗe fuska saboda iskar hunturu, kowa ya rungume 'yar jakarsa. Wani kasuwar Mile 12 ta Legas za shi ya yi dako, wani Ibadan, wani Fatakwal. Gidajen rediyo sun fi ba da labarin masu bin Agadas su faɗa Libiya su hau Bahar Rum, amma tafiyar yaranmu galibi wannan ce.

Cin rani ba baƙon abu ba ne. Iyayenmu sun yi, saboda da an kai amfanin gona gida aiki ya ƙare sai wata damina. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a ƙasar nan yanzu rani lokacin aiki ne. Lokacin ake dashen albasa, lokacin ake shinkafar fadama. To me zai kori saurayi mai jini a jika?

Ka tambaye shi, amsar ba ta da tsawo: "Baba, da mi za ni sayen mai?" Gaskiyarsa. Albasa ba ta san uzuri ba, ruwanta take so a kan kari, injin ban ruwa kuwa fetur yake sha, kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kuɗinsa ya ninninka. Ga taki, ga iri, ga hayar gona. In ka ciro, ko ka sayar da arha lokacin da kasuwa ta cika, ko ka zuba a rudu kana jiran tsada, ruɓa tana rage maka ita kullum. Wanda ambaliyar 2020 ta cinye wa shinkafa ya san bashi ba ya nutsewa tare da gona. Dako wahala ne, amma ba ya neman jari.

Kuɗin suna zuwa, ban musa ba. Tsaya gun mai POS a Jega ranar kasuwa, za ka ga dattijo ya miƙa 'yar wayarsa a duba masa ko ɗansa ya turo. Da su ake sayen magani, da su ake rufin kwano, da su ake aurar da ƙanne.

Sai dai samarin da yawa yanzu ruwa na sauka ba su dawo ba. Amarya na zaune ɗaki shekara ta zagayo. 'Yan ƙwadago sun yi ƙaranci, kuɗinsu ya hau, kuma tsohon da aka bari da gona ya rage fangalin da yake dasawa, don abin da aka turo ɗin ba ya isar ɗaukar ma'aikata.