Daga Fagge Zuwa Sabon Gari: Me Muke Miƙa Wa Duniya?

Wanda yake son sanin matsayin Najeriya a tsakanin ƙasashe ba sai ya je Abuja ya binciki takardun ma'aikatar harkokin waje ba. Ya zo Kano, ya tsaya a Ƙofar Mata, ya juya wa birni baya, ya taka da ƙafa ta Kantin Kwari da Wapa da Singa har ya ɓulla Bata. Tafiyar gajera ce, amma tarihin fiye da shekara 500 ne a shimfiɗe a kanta. Nakan yi wannan tattaki duk lokacin hutun jami'a, kuma darasin da nake komawa gida da shi ɗaya ne: baƙo bai taɓa yankewa a wannan yanki ba, abin da ya sauya shi ne abin da muke miƙa masa idan ya zo.

Fagge tun asalinta zango ce. Ruwayar da ta fi shahara tana danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A nan ayarin Buzaye yake sauke raƙuma a bayan ganuwa, kafin a shiga da kaya Kasuwar Kurmi. Sukan zo da gishiri da kanwa da hajojin Arewacin Afirka, su koma da turkuɗi da baƙin yadi da jemammiyar fata da takalma. Da Bajamushe Heinrich Barth ya ziyarci Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kai wa har Murzuk da Tarabulus da Tambutu, ya kuma ƙiyasta darajar sana'ar da wuri miliyan 300 a shekara. Audugar tamu ce, masaƙin namu ne, marinin namu ne. Kirarin da ake yi wa Kano cewa ko da me ka zo an fi ka, a wancan zamani bayanin kasuwa ne kawai.

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, layin dogo kuma ya iso a 1911. Daga nan fuskar garin ta juya daga hamada zuwa teku. Burin Turawa shi ne jirgin ya riƙa kwasar auduga zuwa masaƙun ƙasarsu, amma manoma da fatake suka yi nasu lissafin suka zaɓi gyaɗa. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata sun yi fice, dalar gyaɗa ta tashi, kuɗi ya shigo. Sai dai wannan arziki ya zo da wani ragi da ba a lura da shi ba: garin da ya saba sayar da abin da hannu ya gama sarrafawa ya koma sayar da ɗanyen kaya, ana yanke masa farashi a Ingila.

Sunayen wuraren da mai tafiya zai ratsa sun isa shaida. A Fagge ta Kudu ne Kwarori, wato 'yan Labanan da Siriya, suka kafa kantunansu, kuma har yau akwai Titin Beirut, inda yanzu matasa ke cinikin wayoyin salula. Singa sunan keken ɗinki ne na Amurka. Bata sunan kamfanin takalma ne da ya samo asali daga ƙasar Cek. Wapa kuwa ta samo suna ne daga kamfanin jigilar alhazai da attajiran Kano suka kafa tun kafin samun mulkin kai, yau ga ta ta zama cibiyar canjin dala da riyal da sefa. A wannan yanki ne kuma aka buɗe silimar Rex a 1937, kuma ta irin waɗannan gidaje na Kwarori ne finafinan Indiya suka shiga zuciyar Bahaushe, har suka bar tambarinsu a finafinanmu na yau.

Da ka tsallaka Sabon Gari sai harshe ya sauya, ƙamshin abinci ya sauya. Turawa sun yanka unguwar ne wajen 1913 domin ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas, wato Gana ta yau. Titin France, wanda mutane da dama ke zaton sunan Faransa ne, sunan wani baƙo ne daga gaɓar tekun Afirka ta Yamma da ya taɓa shugabantar unguwar. Raba mazauna da aka yi da gangan ya haifi zargi a tsakanin maƙwabta, kuma an ga ɗacinsa a rikicin 1953 da na 1966. Duk da haka, kullum ƙura ta lafa ciniki ne yake fara haɗa mutane. Mun saba cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. A Sabon Gari akwai iyalan da kakanninsu a nan aka haife su, raɓarsu ta daɗe da yin saiwa.

Inda zuciyata take yin nauyi shi ne Kantin Kwari. Kasuwa ce da ake zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru. Ka ɗaga turmin atamfa ko shadda ko leshi ka tambayi daga ina, amsar da za ka fi ji ita ce Sin, wani lokaci Indiya ko Dubai. Masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa, waɗanda suka ciyar da dubban gidaje, yawancinsu sun rufe. Dalilan a fili suke: tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira ya tsauwala kuɗin injuna da kayan gyara, wutar lantarki ta zama sai an yi sa'a, fasa-ƙwauri ya cika kasuwa, sannan a 2005 aka soke ƙa'idar da ke taƙaita cinikin tufafi a duniya, yadin Sin ya kwararo. Marinar Ƙofar Mata tana nan, amma karofi da yawa sun bushe.

Idan abin ya yi zafi, hankali yakan koma kan baƙo. A 2012 jami'an shige da fice sun kama 'yan kasuwar Sin 45 a Kano bisa zargin ciniki ba bisa ƙa'ida ba. A watan Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa na tudu har zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an sake rufe iyakar arewa na tsawon watanni, 'yan Kwari suka rasa masu saye daga Maraɗi da Damagaram. Doka dole ta yi aikinta, kuma wanda ya karya ta a hukunta shi. Amma cikin waɗannan matakai babu wanda ya tayar da injin saƙa ko ɗaya. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mutumin Sin ya samu gurbi ne domin mun bar gurbin a buɗe.

Garin da ya rayu a kan sauke baƙi ba zai warke ta hanyar rufe ƙofa ba. Abin da yake buƙata sananne ne: tsayayyiyar wuta a unguwannin masana'antu, ingantaccen irin auduga ga manomin Funtuwa da Gusau, bashi mai sauƙi kuma mai dogon wa'adi ga mai masaƙa, da sharaɗi ga duk baƙon da ke son kasuwarmu cewa ya kafa masana'anta a nan ya koyar da 'ya'yanmu. Attajiranmu ma akwai tambaya a kansu, domin jarin da ke zuwa Guwanzu sau huɗu a shekara zai iya tayar da masaƙa a Sharaɗa.

Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, an kuma buɗe tashar tsandauri ta Dala a 2023. Hanyar arewa da raƙuma suka bi za ta sake buɗewa ke nan. Taragu za su shigo cike da kaya, wannan babu shakka. Aikin da ke gaban gwamnati da 'yan kasuwa da mu malaman jami'a shi ne tanadar abin da za a loda musu idan za su koma, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.